Tankin Motar Alhaji Iliyasu

A gonar riɗin Alhaji Iliyasu da ke bayan Basirka aka gane sabuwar motar tana yoyo, kuma a gaban jama'a aka gane. Alhaji ya shimfiɗa dadduma a inuwar motar zai ja sallar azahar, 'yan ƙwadago wajen ashirin sun yi sahu a bayansa. Ana cikin raka'a ta biyu wani baƙin ruwa ya biyo ƙasa daga ƙarƙashin motar, a hankali, har ya iso gefen daddumar. Warin ma ya riga ruwan isowa. Na sahun gaba suka daure, na baya suka fara tarin ƙarya. Aka sallame. Alhaji ya ɗaga gefen babbar rigarsa ya duba, ya ga ruwan ya taɓa ta, sai ya shiga motar ya canza kaya, ya sa aka koma gindin wata tsamiya aka sake sallar.

Manu direba yana sahun gaba, daidai bayan Alhaji, shi ya fi kowa shaƙar abin.

Motar ba irin wadda aka saba gani ba ce a ƙasar Gwaram. Gida ce sukutum a kan taya, da gado da kujeru da ɗan wurin girki, da banɗaki wanda mai ƙiba ba ya juyawa a ciki sai da dabara. Abdulnasir, babban ɗan Alhaji da ke aiki a Abuja, shi ya sa aka kawo ta daga wajen wani dila a Kano. Ciwon suga ya matsa wa mahaifinsa, ba ya tafiyar awa guda bai ce a tsaya ba, shi kuma Abdulnasir ya ce ba zai yiwu mutum kamar Alhaji ya riƙa tsugunawa a bakin titi da buta ba. Ranar da motar ta iso rabin garin ya fito kallo. Wata biyu ke nan, har yanzu ba a gama cire ledar kujerunta ba.

A ƙarƙashin daɓen motar akwai tankunan roba biyu, ɗaya na bayan gida, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke. Yaron dila ya nuna wa Manu yadda ake buɗe su a juye idan an fita bayan gari. Ya nuna masa maɓallin fitila da na sanyaya ɗaki, ya yi ta zuba Turanci, Manu yana gyaɗa kai. Na wankan ne yake yoyo.

Shekara goma sha tara Manu yana jan Alhaji. Shi ya riƙa kai Abdulnasir makarantar kwana da akwatin ƙarfe da garin kwaki, lokacin yaron yana ce masa Baba Manu. Yanzu ya koma Malam Manu, kuma tun ranar da aka kawo motar Abdulnasir yake cewa tana son matashin direba mai karanta abin da allonta ke rubutawa.

Ranar Juma'a Abdulnasir ya iso daga Abuja. Bayan an sauko daga masallaci, zaure cike da ƙannen Alhaji da abokan kasuwancinsa, ya buɗe maganar.

"Baba, na yi waya da dilan. Ya ce a sauke tankin a ɗauki hoto. In daga kamfani ne za su kawo sabo. In kuma hannu ne ya ɓata shi, babu ruwansu. Ni kuwa na san hanyar Basirka, na san duwatsun da ke mashigar rafin nan. An buga cikin motar nan ne aka yi shiru."

"Manu bai taɓa ɓoye mini ko fashewar taya ba," in ji Alhaji.

"To shi ke nan, abu ya zo da sauƙi. In laifin kamfani ne, zan ba shi haƙuri a nan, gaban kowa. In nasa ne, ya ajiye makulli."

Alhaji ya yi murmushi ya ce ya yarda. Da sauri ma ya yarda, domin shi ko kaɗan bai kawo a ransa zai iya zama laifin Manu ba. Kowa a Gwaram ya san abin da Alhaji Iliyasu ya faɗa a zaurensa ba ya janyewa, da wannan ya yi suna a kasuwar riɗi tun yana saye da tiya. Manu yana tsugune a bakin ƙofa, ya san bai bugi dutse ba, amma ya sha jinin jikinsa.

Abin da ya sani, wanda Alhaji da ɗansa ba su sani ba, ya faru ne sati shida da suka wuce. Sharifa, matar Abdulnasir, ta haihu a babban asibitin Birnin Kudu. Yaron bai cika watanninsa ba, aka sa shi a kwalba, ita kuma jininta ya hau, likita ya ce babu wankan jego, babu kunun kanwa. Abdulnasir ya maimaita wannan a gaban matan gidan har sau uku kafin ya koma Abuja, ya ƙara da rantsuwa cewa duk ranar da ya ji an watsa wa matarsa ruwan zafi zai kwashe ta da ɗan, sai dai a riƙa ganinsu a waya.

Hajiya Mero, mahaifiyar Alhaji, wadda gidan kaf ke kira Inna, ta ji wannan magana da kunnenta. Ta haura tamanin. Ta haifi goma sha ɗaya, ta gasa 'ya'yanta mata da matan 'ya'yanta da hannunta, ba ta taɓa ganin inda aka bar mai jego ɗanya sanyi ya shige ta ba. Ta ce wa Alhaji zirga-zirgar Gwaram zuwa asibiti tana karya mata ƙugu, ya ba ta aron motar nan mai gado ta zauna kusa da matar jikanta. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai da uwarsa ta nemi wani abu a wajensa, ya ba ta mota da direba.

Suka ajiye motar a gindin wata darbejiya a bayan katangar asibitin, kusa da rumfar wata mai tuwo. Washegari da safe Inna ta kira Manu.

"Ɗan nan, kai ba yaro ba ne. Uwarka da ta haife ka, da me aka gasa ta?"

"Da ruwan zafi, Inna."

"Ta mutu?"

"Ta daɗe ba ta mutu ba."

"To je ka gaya wa mai tuwon nan ta ɗora mini babbar tukunyarta. Ka karyo mini ganye daga sama. Kuma amana na ba ka, daga ni sai kai sai Allah."

Ita ce ta sa baki aka ɗauke shi aiki lokacin da yake yaron mota a tasha. Ita ta biya masa sadakin matarsa, ita ke tuna sunayen 'ya'yansa bakwai ba ta haɗa wani da wani. Bai ga ta inda zai ce a'a ba, kuma gaskiyar magana shi ma a ransa ya fi yarda da ita a kan likitan.

Kwana tara ana yi. Sharifa ta fito daga ɗakin masu jego da sunan za ta gaida Inna ta ci abinci, Manu ya ɗauko bokiti biyu suna tururi ya ajiye a ƙofar motar ya koma nesa. Inna da wata ungozoma da ta taho da ita suka rufe ƙofa, su tsoma ganye su fyaɗa. Da safe bokiti biyu, bayan la'asar bokiti biyu, ba sirki. In an gama, abin da ya rage a bokiti a tuttular da shi a ramin banɗakin har da ganyen. Wani lokaci Manu yana jin ƙarƙashin motar yana ƙas-ƙas, ya ɗauka ƙarfe ne yake miƙewa.

Aka sallami Sharifa da ɗanta lafiya lau. Abdulnasir ya yi ta yabon likitoci a waya. Inna kuwa in aka zo barka sai ta kalli mai jegon ta ce ai jikin Sharifa ya yi kyau.

Ranar Asabar da safe, kafin ya tafi da motar wajen gyara, Manu ya shiga gaida Inna. Ya same ta a tabarma da jaririn a cinyarta, tana shafa masa man kaɗanya a ƙafa.

"Inna, motar nan fa za a buɗe cikinta yau. Wurin da ruwan wanka yake taruwa ne ya fashe."

"Taruwa kuma? Ruwan da aka zubar ina yake taruwa?" Ta ɗaga ƙafar jaririn tana dubawa. "Kayan Nasara ke nan, kyau kamar me, ba ƙarko. Allah ya sa a dace. Ka ga ɗan nan yadda ya fara cika?"

Ita a wajenta ruwa in an zubar ya tafi ke nan. Manu ya duba fuskarta, ya ga babu abin da ta haɗa da wani abu. Ya ce yaro kam ya yi kyau, ya tashi.

Mai gyaran da aka yarda da shi a Birnin Kudu shi ne Mark, mutumin Kafanchan, wanda ya fi shekara ashirin a garin yana haɗa famfo da liƙe tankunan roba. Shagonsa yana bayan tasha. Ya roƙi bakaniken da ke maƙwabtaka da shi aron raminsa, Manu ya hau da motar a kai. Mark ya ɗaure hanci da tsumma ya sauka. Ya juye sauran ruwan a wani tsohon duro, ya kwance bututu, ya sassauta ƙarafunan da suka riƙe tankin ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya ci wajen awa biyu, domin kusoshin ba irin waɗanda sifanarsa ta sani ba ne. Daga ƙarshe su biyu suka jawo tankin suka kwantar da shi a rana.

"Malam Manu, zo ka gani."

Mark ya shafa gindin tankin da tafin hannu. Sumul yake, ko ƙwarzane babu.

"Wannan bai ga dutse ba. Yanzu dubi sama."

Wuyan tankin, inda bututun banɗaki yake shiga, ya lotsa ya yamutse kamar bokitin da aka manta kusa da murhu. Haɗin da ke gefensa ya buɗe tsawon taƙi guda. Mark ya zura hannu ta wuyan har gwiwar hannu, ya lalubo, ya fito da dunƙulen baƙin ganye mai yauƙi. Ya baza shi a ƙasa da ɗan yatsa.

"Darbejiya," ya ce. Ya ɗago ya dubi Manu. "Lokacin da matata ta haifi Christabel, sai da matan unguwa suka zo mata da irin wannan. Wa ya haihu a gidanku?"

Manu ya tsuguna yana kallon ganyen.

"Zai liƙu?"

"Roba in ta dahu ta mutu. In na liƙe nan, gobe can zai buɗe. Sai sabo." Mark ya goge hannu a wando. "Na ji abin da ake ciki, direbobin tasha tun jiya suke zancen. Ai ka fita, Malam Manu. Ka nuna musu ganyen nan kawai, ba sai ka ce komai ba."

"In ba a nuna ba fa?"

"Ni dai abin da zan faɗa guda ne. Ba dutse ba ne, ba kamfani ba ne, ruwan zafi ne. Wannan ba zan canza shi ba don kowa, da shi nake cin abinci a garin nan."

"Ban ce ka yi ƙarya ba."

Mark ya ɗauko wani tsohon gwangwanin fenti ya kwashe ganyen ya zuba, ya sake zura hannu ya yaso abin da ya rage, ya kai gwangwanin bayan shago ya kife kwano a kai. Ya ce shi ba ya son shara a gaban shagonsa, dama can.

Manu ya zauna a benci yana jiran su Alhaji. Ya ji tsoro, tsoro na gaske. Shekararsa hamsin da shida, idonsa na hagu ya fara hazo, ba wanda ya gaya wa. Babu mai ɗaukar direba irinsa yanzu, balle wanda aka kora a kan ɓata motar da duk ƙasar ta sani. Ya yi tunanin bayan shagon inda gwangwanin ganyen yake, taku goma ne. Ya kuma yi tunanin Abdulnasir yana tsaye a kan kakarsa yana ɗaga murya, da mota a ƙofar gida ana loda kayan Sharifa, da tsohuwar zaune a tabarma cinyarta babu kowa. Ya yi ta juya abin har aka kira azahar, ya je ya yi salla ya dawo bai ji ya fi sauƙi ba.

Wajen ƙarfe biyu da rabi suka iso a motar Abdulnasir. Alhaji ya fito da sandarsa, cikin farar shadda, yana gaisawa da mutanen da suka taso daga shagunansu. Abdulnasir ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya nufi tankin da waya a hannu.

"Oga Mark, me ka gani?"

"Ba duka ba ne, ranka ya daɗe. Ga gindin nan, lafiyarsa ƙalau."

Alhaji ya dubi ɗansa ya yi 'yar dariya.

"Amma kuma ba daga kamfani ba ne," in ji Mark. "Ruwan zafi ne ya dafa shi. Tafasasshe, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba."

Dariyar Alhaji ta tsaya. Abdulnasir ya sunkuya ya dubi wuyan tankin.

"Ruwan motar nan ba ya zafi haka. Daga waje aka kawo shi ke nan. Wa zai tafasa ruwa ya zuba a banɗakin mota? Don me?" Ya miƙe a hankali, kamar mai lissafin kwanaki. "Tsaya tukuna. Yaushe motar nan ta..."

"Ni ne," in ji Manu.

Duk suka juyo.

"Wari na ji yana tasowa daga ramin. Na ce kar Alhaji ya shiga ya ji. Sai na riƙa tafasa ruwa ina zubawa, yadda ake wanke jarkar manja. Ban san zai yi ɓarna ba."

Ba ƙarya ba ce duka, da hannunsa ya ɗauko kowane bokiti.

"Jarkar manja!" Abdulnasir ya tafa hannu ya juya wajen mutanen da suka taru. "Kun ji ko? Jarkar manja! Baba, ka ji da kunnenka. Abin da nake faɗa ke nan tun ranar farko." Ya koma yana ɗaukar tankin hoto ta kowane gefe, ransa fes.

Alhaji ya dogara sandarsa ya matso, ya sunkuya da ƙyar a kan tankin, ya leƙa cikin wuyan da ya yamutse. Akwai ganye guda da ya manne a cikin lanƙwasar robar, inda yatsun Mark ba su kai ba. Alhaji ya sa farce ya zaro shi. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci.

A gidan da ya tashi, wannan ƙamshin yana nufin an yi haihuwa. Ya shaƙe shi a haihuwar ƙannensa, ya shaƙe shi kwana arba'in a haihuwar wannan da ke ɗaukar hoto. Ya ɗago ya dubi ɗan nasa, wanda ya ba su baya. Sannan ya dubi Manu, Manu kuma ya kasa sunkuyar da kai. Alhaji ya dunƙule ganyen a hannu, da yauƙinsa da warinsa, ya cusa shi a aljihun farar shaddarsa.

Manu ya jira. Ya sa rai, ba zai ce bai sa ba. Kalma biyu ta isa, a ce kuskure ne, a bar shi. Amma in Alhaji ya faɗi haka sai an tambaye shi dalili, ga jama'a tsaye, ga waɗanda suka ji abin da ya yarda da shi a zaure.

Alhaji ya miƙa hannu. Manu ya ciro makullin daga aljihu, ya cire ɗan abin yanke farcensa da ke maƙale a jiki, ya ɗora makullin a tafin.

"Allah ya saka maka da alheri, Manu," in ji Alhaji, a hankali. "Allah ya rufa maka asiri."

"Amin, Alhaji."

Abdulnasir ya waiwayo ya ɗan yi tsaki, ya ɗauka tausayin tsufa ne. Ya gaya wa Mark za a turo sabon tanki daga Kano, motar ta kwana a nan, sabon direba zai zo ɗaukarta. Ya buɗe wa mahaifinsa ƙofa. Alhaji ya shiga ya zauna yana kallon gabansa, hannunsa ɗaya a aljihu, har suka hau titi.

Mutane suka watse. Mark ya kawo ruwa a buta da guntun sabulu, ya zuba wa Manu ya wanke hannu.

"Ya gani fa," in ji Mark. "Da idona na ga ya gani. Me ya hana shi magana?"

"Uwarsa ce."

Manu ya yarfe hannu, ya gyara hularsa, ya yi wa Mark sannu da aiki. Ya zagaya ya shiga tasha ta ƙaramar ƙofa. An sake wa wurin fasali tun zamanin da ya san shi, rumfuna sun tashi inda babu su da. Ya tsaya a tsakiya yana dube-dube, 'yan kamasho suna ta kiran garuruwa a kansa. Daga ƙarshe ya matsa wajen wata mai sayar da gyaɗa, ya yi sallama, ya tambaye ta inda ake lodin Gwaram.